Keken Yaya Dogo

Tun daga bakin lungu Auta ta hango shi, sai ƙafafunta suka ƙi gaba.

Keken yana tsaye a gurbin farko na tashar, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Ruwa na ɗiga daga sirdinsa, alhali an kwana biyu rabon garin da ruwan sama. An ɗaga sirdin har ƙarshen ƙarfensa, tsayin da mutum ɗaya ne tak a unguwar ƙafarsa ke kai wa feda. Wannan mutumin kuwa yana maƙabarta tun farkon damina.

"Innalillahi," ta faɗa a hankali. "Ya sake dawowa."

Auta ce ke kula da tashar kekunan haya ta unguwarsu. A da, kekunan nan sai dai 'yan unguwar su gan su a can ƙetaren gada, wajen masu hali, inda ba a ba mutum keke sai yana da babbar waya da katin banki. Yayanta Dogo da amininsa, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran keke, su suka yi ta safa da marwa a ofishin kamfanin har takalmansu suka cinye. Daga ƙarshe aka yarda aka kafa musu tasha, da ɗan kati mai sauƙin kuɗi wanda ake saya a rumfar Auta. Masu shara a asibiti, leburori, mata masu kai kaya kasuwa, kowa ya huta da jiran bas.

Sai ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dogo ya ɗauki keke zai ƙetara, ya gangara wajen gada, bai kai ɗaya gefen ba. Aka tsamo keken a ranar, shi kuma sai washegari.

Da safiyar ranar Injiniya ya gyara birkin wannan keken.

"Auta."

Ta juya a firgice. Injiniya ne tsaye bayanta da jakar kayan aikinsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai dube ta ba, keken yake kallo.

"Ba ka ce ka kulle shi ba?" ta tambaye shi.

Ya zura hannu cikin wuyan rigarsa ya jawo igiya mai ɗauke da makullai. "Da hannuna na kai shi sito. Na ɗaure shi da sarƙa a jikin ginshiƙi, na sa kwaɗo, na kulle ƙofa. Yanzu daga can nake. Ƙofa a kulle, kwaɗo a kulle, sarƙa na ƙasa a naɗe kamar maciji."

Wata mata mai kwandon kaya a ka ta doso tashar da katinta a hannu. Da idonta ya sauka kan keken, sai ta ja da baya, ta tofa addu'a a ƙirjinta, ta juya ta nufi inda ake jiran bas.

Haka aka wuni. Kekuna jere suna ƙyalli a rana, ba wanda ya taɓa ko ɗaya.

Da Auta ta koma gida da yamma, ta tarar da Baba a zaure yana taka keken ɗinkinsa. Ƙanwarsa, Gwaggo, na zaune kan tabarma ta miƙe ƙafa. Auta ta durƙusa ta gaishe su. Baba bai ɗago ba.

"An ce an gan ki tsaye da shi," in ji shi.

"Baba, wurin aiki ne."

"Aiki." Ya tsayar da ɗinkin. "A gidan nan keke ɗaya na sani, shi ne wannan da nake takawa, kuma bai taɓa kashe kowa ba. Na faɗa miki tun ranar da muka dawo daga rufe yayanki. Hannun da ya taɓa birkin nan ba zai karɓi aurenki ba, ina raye."

"Baba, kai da kanka ka amsa masa bara. Ka ce ɗanka ne."

"Bara ina da ɗa."

Hawaye suka zubo mata. Gwaggo ta gyara zama.

"Ke 'yar nan, ruwa ba ya tsami banza. Mamaci ya tashi ya riƙa jan keke yana kawowa ƙofar aikinki kullum, me kike so ya yi kuma, ya rubuto miki takarda? Nuna miki yake. Ga Mai Bas can, mutum da motocinsa, da gidansa, bai taɓa aure ba, tun kina makaranta yake bin bayanki. Ke kuma kin liƙe wa mai baƙin mai a farce."

"Gwaggo, ba na son sa."

"So! Mu da aka aura, so muka ci muka ƙoshi?"

"Ba zan yi miki dole ba," in ji Baba, ya mayar da ƙafarsa kan abin takawa. "Ke ba yarinya ba ce. Ki auri wanda kika ga dama, ban da mutum ɗaya."

Ta tashi ta shiga ciki. Inna na zaune a ƙofar ɗakin Dogo, inda ta saba zama tun rasuwarsa, tana naɗe rigunansa tana warwarewa. Auta ta zube ta ɗora kai a cinyarta ta saki kuka.

Inna ta shafa kanta. Hannun sanyi ƙalau.

"Daina kuka, Autata. Ɗazu da rana tsaka ya wuce ta bayan katanga. Na ji ƙararrawarsa, sau biyu, yadda yake yi in yana so in buɗe masa ƙofa."

Auta ta ɗago. "Inna, ki bar faɗin haka."

"Ba fushi yake ba," in ji Inna, tana kallon katangar. "Na san ƙararrawar fushinsa. Wannan ta mai sauri ce. Akwai abin da yake son faɗa, ba wanda ya tsaya ya saurara."

Tsigar jikin Auta ta tashi. Ita ma ta juya ta dubi katangar.

Washegari da hantsi wata baƙar mota ta tsaya gaban rumfar. Mai Bas ya fito, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya jingina da teburin Auta yana murmushi, amma ta lura ya zaɓi gefen da zai ba wa keken baya.

"Gimbiya, har yanzu ana gadin ƙarafa?"

"Ina kwana, ranka ya daɗe."

"Lafiya lau, tunda na gan ki. Motocina sun cika sun batse kwanan nan, har sai da na ƙaro biyu. Mutane sun gane abin da zai fisshe su. Ke ma ki gane. Ki ce e kawai, ki huta da zaman rana."

Auta ta dube shi ido cikin ido. "Kai ne ko?"

"Ni ne me?"

"Kai kake sa a fito da keken nan. Tashar nan ta tsone maka ido tun ranar da aka kafa ta. Ka ji tsoron Allah, da gawar yayana kake kasuwanci?"

Murmushin ya ɓace. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Zan faɗa miki gaskiya, don ina son ki. Ban so tashar nan ba, kowa ya sani. Da na ji labarin keken, daɗi na ji. Har na ce wa direbobina su ɗauke shi su kafa a ƙofar gidanku, Baba ya gani da idonsa." Ya girgiza kai. "Manyan maza, masu kwana a daji da mota. Na farko ya kama kan keken, ya sake shi da ihu. Ya ce wurin riƙon da ɗumi, kamar yanzu wani ya cire hannu. Tun ranar bai sake fitowa aiki ba."

Auta ta kai idonta kan keken.

"Don haka ba ni ba ne," in ji Mai Bas. "Da ni ne, da na fi samun barci. Ki rabu da wurin nan, ki rabu da mai gyaran nan. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Kada ya doke ku tare."

Ya shiga motarsa bai ko yi sallama ba.

Bai daɗe da tafiya ba sai ga matar ofishin kamfanin, wadda ta tsaya musu tun farko har aka kafa tashar. Ta zauna kan benci, ta cire tabarau ta murza idanu.

"Ƙanwata, na yi iya yina," ta ce. "Manya sun ce dama sun faɗa, unguwa irin wannan ba ta san darajar abu ba. Na ce musu ba ɓarna aka yi ba, ba sata aka yi ba, tsoro ne. Suka yi min dariya. Sun ce tunda ba a hawa, jibi mota za ta zo ta kwashe kekunan a mayar ƙetaren gada."

"Anti, in aka kwashe ba za a dawo da su ba."

"Na sani. Kuma duk unguwar da ta nema nan gaba, da ku za a ba ta misali."

Da la'asar Injiniya ya zo ya tsaya daga wajen rumfar, bai shigo ba.

"Na ji," in ji shi. "Ni ma zan bi motar. Daga can in wuce wani gari."

"Ka tafi ka bar ni?"

"Auta, me ya rage? Na zo gaisuwa gidanku, Baba ya tashi ya bar min zaure. In na wuce a lungu, mata na janye 'ya'yansu. Ni kaina na fara shakkar hannuna. Kullum sai na zauna ina tuna safiyar nan. Na ja wayar birkin, na ɗaure, na gwada. Na san na gwada. Amma in na ga keken nan tsaye yana ɗigar da ruwa, sai in ce ko ni yake nema."

Hawaye na bin kumatunsa, bai share ba. Ita ma ta fashe.

"Kai da Yaya kwano ɗaya kuke ci. Ko da rai ko ba rai, ba zai neme ka da sharri ba."

"To me yake nema?"

"Ban sani ba! Abin da na sani, in ka tafi ka amsa laifin da ba a tabbatar ba. Ni kuma ka bar ni da wa? Da Gwaggo da turaren Mai Bas? Ka ce min ko duniya za ta taru a kanmu ba za ka saki hannuna ba. Ashe magana ce ta lokacin daɗi."

"Kada ki faɗi haka." Muryarsa ta karye. "Wallahi barin ki ya fi min mutuwa ciwo. Amma ba zan raba ki da mahaifinki ba. Ya rasa ɗaya, ba zan ƙwace masa ta biyu ba."

Ta miƙa hannu za ta riƙe hannun rigarsa, ya ja baya a hankali. Ya tura keken Dogo zuwa sito kamar yadda ya saba, kafaɗunsa na rawa. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana.

Ranar da motar za ta zo, aka tashi da ruwa mai ƙarfi tun safe. Bai ɗauke ba sai wajen azahar. Rana ta fito fara fat, gari ya yi tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Babbar motar kamfani ta tsaya gaban tashar, ma'aikata suka sauke katakon da za su tura kekuna a kai. Mutanen unguwa suka fito suka yi cirko-cirko daga nesa. Har Baba ya fito, da almakashi a hannu, ya manta bai ajiye ba.

Keken Dogo na gurbinsa na farko.

Ma'aikatan suka fara ta ɗaya ƙarshen, ba wanda ya yarda ya kusance shi. Auta na kallon kekuna na hawa mota ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna Dogo ranar da aka buɗe tashar, yana koya wa wata tsohuwa mai sayar da itace hawa, yana gudu a bayanta yana dariya.

Ta fito daga rumfa ta nufi keken.

"Auta!" Injiniya ya sha gabanta. "Me za ki yi?"

"Zan hau. Zan ƙetara gada in dawo, kowa ya gani."

"Ba ki da hankali? Bari ni in hau."

"In kai ne, za su ce ka san sirrinsa. Matsa."

Ta ciro katinta. Kafin ta kai shi jikin na'urar da ke karanta kati, gurbin ya yi ƙas, ya saki keken da kansa.

Mutane suka ja da baya. Wata ta saki salati. Auta ta sassauta sirdin ta sauke shi daidai tsayinta. Ta kama kan keken. Da ɗumi, kamar yadda aka faɗa.

"Ke!" Baba ya daka tsawa. "Sauka! Auta, na ce ki sauka!"

"Ka yafe ni, Baba," ta ce, ta taka feda.

Da farko keken ya tafi sumul, ba nauyi. Ta wuce shagon mai aski, ta wuce famfo. Tana jin ihun mutane da ƙarar takalmansu a bayanta, suna ta raguwa. Da ta kai kan gangaren da ke sauka zuwa gada, sai ta ji tayar baya ta nutse, kamar wani ya ɗare mazaunin baya a hankali don kada ya girgiza ta.

Ba ta waiga ba. Ta kasa.

Wani sanyi ya lulluɓe mata baya, irin na jiƙaƙƙiyar riga. Keken ya ɗauki gudu, iska na kaɗa mayafinta, gidaje na wucewa kamar a mafarki. Ta so ta kama birki, yatsunta suka ƙi buɗewa. Sun ƙanƙame kan keken kamar an ɗinke su.

Ta sha kwanar ƙarshe, gada ta bayyana. Ruwan da ya kwanta a bakinta ya shafe hanya, ja, lumui, yana sheƙi kamar ƙasa ce a ƙarƙashinsa.

Ta rufe ido ta kira sunan Allah.

Tayoyin suka yi ƙara mai tsawo. Keken ya tsaya cak, har ta zame daga sirdi ta faɗi gefe kan gwiwoyinta.

Da ta buɗe ido, tayar gaba na taɓa bakin ruwan. Tana kallo, wani ɓangaren kwalta da ke gabanta ya tsage ba ƙara, ya karkata, ya nutse. Ruwan ya juya ya bi shi, sai ga rami baƙi ƙirin ya buɗe a inda hanya ke haɗuwa da gada. Ƙasan wurin duk ruwa ya cinye, ba yau ba, an daɗe. Ɓawon kwalta ne kawai ya rage a sama, da wani tsohon gibi daga gefe, daidai faɗin tayar keke.

Nauyin da ke bayan keken babu shi.

Injiniya ne ya fara isowa, yana haki, ya zube gabanta. Sai jama'a. Suka tsaya suna leƙen ramin. Wani dattijo ya nuna tsohon gibin da sandarsa.

"Nan ne," ya ce. "Nan yaron nan ya faɗa. Ruwa ya rufe, bai gani ba. Ko birkin jirgi gare shi, ina zai san ya kama?"

Wasu matasa suka ruga sama suna ɗaga hannu, suka tare wata bas cike da mutane da ta fara gangarowa.

Baba ya iso daga ƙarshe, ba hula, ba almakashi. Ya dubi Auta, ya dubi ramin. Ya daɗe yana kallon gibin nan. Sannan ya sunkuya ya ɗaga keken, ya matse birkin da hannu ɗaya, ya tura da dukkan ƙarfinsa. Taya ba ta motsa ba. Ya saki, ya sake matsewa, ya sake turawa. Sai ya kifa goshinsa a kan sirdin, kafaɗunsa suka fara girgiza. Tun ranar rasuwar, yau ne aka ga kukansa.

Ba wanda ya hana shi.

Matar nan mai kwandon kaya ta juya wajen matar ofis, wadda ta iso tana riƙe da takalmanta a hannu. "Baiwar Allah, ki ce su sauke mana kekunanmu. Bas ba za ta bi ta nan ba yanzu, sai dai a zagaya ta ƙaramar gada. Gobe da me za mu je kasuwa?"

Matar ofis ta riga ta ciro waya.

Baba ya ɗago ya share fuska da hannun riga. Ya dubi Injiniya, wanda ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya.

"Gwiwarta na jini," in ji Baba, muryarsa a dushe. "Miƙa mata hannu ta tashi. Ku biyo ni gida." Ya sake duban Injiniya. "Kai ma ka shigo, ɗana. Inna za ta so ganin ka."

Ya juya yana tura keken da kansa, a hankali, kamar mai rakiya.

Injiniya ya ɗago ta. Yana dariya yana hawaye.

"Kin kama a kan lokaci," ya ce. "Da kin ƙara ko taku ɗaya... Auta, yaya aka yi kika san akwai rami?"

Ta buɗe tafukan hannunta ta nuna masa. Shatin robar kan keken ya fito raɗau a kansu, yatsun har yanzu a lanƙwashe, sun ƙi miƙewa.

"Ban sani ba," ta ce da murya ƙasa ƙasa. "Injiniya, ba ni na kama birkin ba."